Kukan Motar Surukina

Na manta abubuwa da yawa na zaman da na yi a Alƙahira, har sunayen wasu da muka ci abinci kwano ɗaya da su sun ɓace mini, amma abin da na yi wa motar surukina ba zai bar ni ba har in koma ga Allah. Ba wani sirri ba ne. Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira a shekarun nan ya ji labarin, wasu ma da dariya suke ba da shi, don rabinsa kawai suka sani. Ni dai har yau in na ji tsohuwar mota ta yi ruri a titi, sai in ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa.

Karatu ya kawo ni Masar, kasuwanci ya riƙe ni. Abaya da takalma da turare nake aikawa Kano da Maraɗi, kuma a lokacin da wannan abu ya faru kasuwa ta fara buɗe mini. Aljihu ya yi ɗan nauyi, kai kuwa ya fi aljihun nauyi. Ban cika shekara da aure ba. Matata 'yar Hausawan Sudan ce, a Alƙahira aka haife ta. Mahaifinta ya zo garin tun yana saurayi, ya yi wa wani Bature direba shekara da shekaru, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa motarsa. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Da na je neman 'yarsa bai tambaye ni abin da na tara ba, limaminmu kawai ya tambaya halina, ya ce ya ba ni. Tun daga ranar nake neman hanyar da zan saka masa, ta yadda kowa zai gani ya san bai yi zaɓen tumun dare ba.

Kun san yadda muke da surukai. Ban taɓa haɗa ido da Baba ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na je gidansu a unguwar Abbasiya, wani tsohon bene ne, su suna hawa na biyu, a bakin falo nake durƙusawa in gaishe shi, ya ce in hau kujera, in ce nan ma ya yi. Surukata kuwa, Inna, ko fuskarta ban san ta sosai ba. Daga bayan labule nake gaishe ta, sau da yawa ma matata ce ke cewa, "Tana amsawa." An ce mini tana fama da jikin tsufa, ban tambayi wane iri ba. Har yabon su nake yi a gaban abokaina, ina cewa mutanen nan sun riƙe kunyar da mu muka yar a gida.

Motar tana ajiye a gefen titi, daidai ƙarƙashin barandarsu. Ƙirar Amurka ce ta shekarun saba'in, irin waɗanda Turawa ke kira masu ƙwanji: ƙofa biyu, bonet dogo kamar gadon kwana, inji mai silinda takwas. Launinta ruwan ganye ne mai duhu, rana ta cinye saman har ya yi fari-fari. In aka tayar da ita, gilasan tagogin layin sai sun yi rawa, mai gadin benen ya fito yana gunaguni. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan kawo matata in sauke ta in wuce, in dawo bayan magariba in ɗauke ta, kuma kullum in na dafa bonet ɗin sai in ji shi da ɗumi. Na san Baba yana yawo kasuwannin tsofaffin kaya yana neman wani ɗan ƙarfe ko wata roba irin ta asali, ya ƙi karɓar sabuwa ko da ta fi arha. Ni a ganina talauci ne da taurin kan tsufa suka haɗu.

Ana nan sai yayan Baba ya rasu a Sudan. Dole ya tafi, kuma ya ce ba zai dawo ba sai an yi sadakar arba'in an raba gado. Matata ta koma Abbasiya don ta zauna da Inna. Ranar da zai kama jirgin ƙasa zuwa Aswan ya kira ni falo, ya miƙo mini mukulli ɗaure da wani tsohon zaren fata.

"Malam," ya ce, haka yake kirana, "kowace Juma'a bayan la'asar ka tayar da ita. A nan inda take. Ka bar ta ta yi kuka kaɗan."

Kaina a sunkuye na ce, "To, Baba."

Na so in tambayi dalili. Wallahi tambayar ta zo har bakina. Amma suruki ba ya ce wa surukinsa "don me", sai na ba kaina amsa: don kada batir ya mutu ne.

Juma'ar farko na cika umarni. Na buɗe ƙofar da ƙyar, na zauna, wani ƙarfe daga cikin kujera ya soke ni a cinya. Cikin motar yana wani irin wari na tsohuwar fata da fetur, kujerar gefe kuma tana tashin humra, irin wadda matan Sudan ke haɗawa. Na murɗa mukulli, ta yi tari, ta yi tari, sannan ta ɓarke da ruri, hayaƙi ya turnuƙe mai sayar da lemo da ke bayana. Ina cikin taka totur sai na hangi tagar baranda ta buɗe, labule ya motsa, na ga kamar gefen lafaya. Na gane Inna ce. Nan take na kawar da kai, na kashe motar, na bi ta lungu na gudu, wai ni mai kunya. Da na bugo wa matata waya da yamma muryarta a sake take. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Malam. Yau Inna ta ci abinci sosai." Ban ga abin da ya haɗa zancen biyu ba.

Washegari a gidan shayin da muke taruwa a Hayyin Ashir na ba da labarin ƙarfen da ya soke ni, aka yi ta dariya. Akwai wani abokina ɗan Damagaram, dillalin motoci, mai bakin da zai iya sayar wa makaho madubi. Ya ce, "Kai yanzu duk kuɗin da ake cewa kana samu, surukinka yana yawo a wannan akwalar? Ai abin kunya naka ne, ba nasa ba." Maganar ta shige ni. Ya ce ya san wani usta, wato gwanin makaniki, a Hirafiyin, unguwar makanikai, wanda zai mayar da ita amarya kafin tsohon ya dawo. A cire wannan injin mai shan mai kamar raƙumi, a sa ƙaramin injin Japan, a sa mata esi, a sauya kujeru, a yi fenti. Ina jin sa ina hango Baba ya sauko daga tasi ya ga mota tana walƙiya, ya ɗaga hannu yana sa mini albarka a gaban jama'a. Da wannan hoton na kwana, da shi na tashi.

Ranar da muka kai ta garejin, muna tsaye da ustan muna tsara aiki, sai wani Bamisire mai furfura a gemu, sanye da kaya masu tsada, ya bar tasa motar ya taho. Ya zagaya ta a hankali, ya leƙa ƙarƙashi, ya roƙi a buɗe masa bonet. Ya daɗe yana kallo. Da ya ji abin da za a yi, sai ya dafa kafaɗata.

"Ɗan'uwana, wannan fabrika ce," ya ce. Haka Misirawa ke kiran motar da take yadda ta fito daga masana'anta, ba a sauya mata komai ba. "Mai ita ya sha wahala kafin ya riƙe ta haka. Duba nan, ko ƙusoshin na asali ne. In kana son ka kyautata masa, a wanke lagireto, a gyara kafireto, a ɗinke kujerun da irin fatarsu. Kada ka yanka ta. Abin da aka yanka ba ya komawa."

Na ture hannunsa. Na ce masa mu ba gidan tarihi muke buɗewa ba. Tsoho ne zai shiga, mai ciwon baya, a zafin Alƙahira da cunkosonta, ba hoto za a yi da ita ba. Na ce ku masu kuɗi kuna ajiye irin waɗannan don ado kuna da wasu guda uku a gida, mu kuwa abin hawa muke so. Har yau ban ce duk abin da na faɗa ƙarya ba ne. Motar tana zafi a cunkoso, burkinta sai an yi addu'a, kayan gyaranta sai an tona. Wanda ya sauya wa irinta inji don ya ji daɗin aiki da ita bai yi saɓo ba, in tasa ce. Wannan "in tasa ce" ɗin ne ban tsaya a kansa ba.

Mutumin bai yi fushi ba. Ya ce to in dai na ƙudura, a ba shi injin da salansa da kujerun, kada a kai su bola, zai ɗauki nauyin wani ɓangare na aikin. Na ce ya kwashe, khalas, magana ta ƙare. Abokina ya ƙyafta mini ido, wai mun samu wawa.

Na riƙa zuwa ina duba aiki ina jin daɗi. Na ga ranar da aka ɗaga injin da sarƙa, baƙi ƙirin, mai yana ɗiga. Na ga an yanke ƙarafunan da yake zaune a kai an yi waldar wasu. Na ga an kankare ruwan ganyen nan tas, ya zama ƙura a ƙasan gareji. Da aka ciro kujerar gefe, ƙamshin humra ya sake tashi, na ce wa abokina, "Ji warin tsufa." Da bakina na faɗi wannan.

Juma'a ta biyu matata ta bugo bayan la'asar. "Malam, ina motar Baba?"

Na ce ɗan gyara na kai ta.

Ta ce, "Don Allah ka dawo da ita kafin Juma'a mai zuwa."

Juma'a mai zuwa ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta. Duk lokacin da na je gaishe su sai in ga matata ta ƙara ramewa, idanunta sun faɗa. Ta ce Inna ba ta cin abinci, ba ta son tashi daga gado. Na sayo 'ya'yan itace da zuma na kai. Rannan ta raka ni har bakin matakala, ta riƙe hannun rigata, ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai kawai ta ce, "Motar, Malam. Ko ba a gama ba a dawo da ita." Na yi dariya na ce ta kwantar da hankalinta, Baba ba zai yi faɗa ba, sai ma ya gode. Na ɗauka tsoron fushin mahaifinta take yi. Ita ma ba ta tambaye ni wane irin gyara ba ne, don a tunaninta taya ce ko burki.

Baba ya dawo ranar Alhamis da daddare, ni kuwa na shirya abina sai Juma'a bayan la'asar. Na sa aka wanke motar, na tuƙo ta da kaina daga Hirafiyin, esi yana busa ni, ko motsin injin ba ka ji. Baƙa wuluk, gilasai masu duhu, ƙafafu sababbi masu ƙyalli. Na ajiye ta daidai gurbinta. Na gayyato abokina ɗan Damagaram da wasu mutum uku daga gidan shayi, don alheri irin wannan yana son shaidu. Mai gadin benen ya zagaya ta yana cewa tamam, tamam. Na aika shi ya ce wa Baba ina ƙasa.

Ya sauko cikin farar jallabiya, ya rame da tafiya. Muka durƙusa muka yi masa ta'aziyya da barka da hanya. Yana amsawa yana waige-waige, ya dubi sama da layin, ya dubi ƙasa. Motar tana gabansa, har gefen rigarsa yana taɓa ta.

"Malam, an ce ka kai ta gyara. Ba a gama ba ne?"

Na miƙa mukullin da hannu biyu. Na ce, "Ga ta nan, Baba."

Ya dube ta. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, amma na ji abokaina sun daina motsi. Ya shafa bonet ɗin da tafin hannu. Ya buɗe ƙofa, ya zagaya ɗaya gefen ya buɗe waccan ma, ya sunkuya ya daɗe kansa yana ciki wajen kujerar gefe. Daga baya na gane shinshinawa yake yi. Sannan ya dawo ya zauna a mazaunin direba ya murɗa mukulli. Ta tashi lumui, kamar firji. Ya taka totur, ta yi ɗan zuu. Ya sake takawa har ƙasa. Ya leƙo da kansa ta taga ya ɗaga ido sama yana kallon baranda. Taga a rufe take, labule bai motsa ba. Ya ci gaba da kallo yana takawa, ni kuma ina tsaye ina murmushi kamar ango, ina jiran albarka.

Ya kashe ta ya fito. Ya ce, "Ka sha wahala, Malam. Allah ya yi albarka."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Muryar da ya faɗi wannan da ita ta sa abokaina suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya. Da suka watse ya ce, "Zo mu hau sama."

Ranar ce farkon shigata ɗakin Inna. Na tsaya a bakin ƙofa, ya ce in shigo. Tana zaune a gado an jingina ta da matasai, 'yar ƙarama, hannuwanta kamar sillen kara. Matata tana gefe da kwanon kunu da ba a taɓa ba. Baba ya yi sallama ya zauna a bakin gadon. Inna ta dube shi, ta ja lafayarta ta rufe fuska, ta matsa jikin bango. Ta ce wa matata, "Yarinya, wane ne wannan baƙon? Ki ce masa maigidan ba ya nan."

Matata ta fashe da kuka ta fita. Ni kuwa na durƙushe a inda nake.

A nan, a gabanta, Baba ya yi mini magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini. Ya ce shekaru ke nan da mantuwa ta kama ta. Ta fara da manta inda ta ajiye abu, ta koma manta hanya, har ta kai ba ta gane 'ya'yanta, ba ta gane shi. Ya ce ranar da aka kawo ta amarya daga Sudan, ba ta san kowa ba a garin nan, da wannan motar ya je tashar jirgin ƙasa ya ɗauko ta. Bayan nan, duk shekarun da yake aiki, kukan motar take ji daga kan kwana ta san ya dawo. Komai ya zube daga kanta, wannan ne kawai ya rage. In ya tayar da ita ranar Juma'a, sai ta tashi da kanta ta yafa lafaya ta leƙo baranda, ta sauko, ta zauna a kujerarta. In ta juyo ta gan shi riƙe da sitiyari, sai ta gane shi. Su zagaya unguwa, ta yi masa hira, ta yi masa faɗan yana gudu, wani lokaci har ta tambayi yaran da sunansu. Kafin magariba ta sake tafiya. Amma wannan ɗan lokacin yana riƙe ta har mako ya zagayo, ta ci abinci, ta taka ƙafarta.

"Shi ya sa ko salansa ban yarda an sauya ba," ya ce. "Na taɓa sa wata, sautin ya bambanta, ba ta fito ba."

Bai ɗaga murya ba. Har cewa ya yi laifin nasa ne, shi ya hana a faɗa wa kowa, don ba ya son a riƙa cewa matarsa ta taɓu. Matata daga baya ta gaya mini ita kuma tsoro take ji kada in ɗauka abin a jininsu yake, ga mu sababbin aure. Kowa ya rufe bakinsa don kunya, ni kuma na zo na yi gyaran gangar Auzinawa a tsakiyar shirun. Ko "yi haƙuri" ya ƙi fita, don na ji kalmar ta yi ƙanƙanta. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da sassafe ina Hirafiyin. Ustan ya kwatanta mini gidan Bamisiren nan, can bayan gari. Na same shi a garejinsa, ga injin Baba a kan teburi an warware shi gunduwa-gunduwa, yana shirin ɗaukar abin da yake buƙata. Mutumin da na ture wa hannu, muka ɗauke shi wawa a bayan idonsa, shi na tsuguna a gabansa ina ba shi labari da guntun Larabcina, hawaye yana zubo mini. Ya saurara har na gama. Bai ce "ai na gaya maka" ba. Ya ce, "Ma'alish, ba komai. Tashi." Ya ba ni injin, da salansar, da kujerar gefe. Ta direba ya riga ya yage fatarta.

Warwarewa ta ɗauki kwanaki, mayarwa ta ɗauki watanni. Ƙarafunan da aka yanke sai da aka ƙera wasu. Wayoyin da aka tsittsinke sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu ƙananan abubuwa ustan ya riga ya zubar, na bi sahun Baba cikin kasuwannin da nake yi masa dariya a kansu, ina tona tarkace da hannuna ina roƙon 'yan tireda. Kasuwancina ya tsaya, ban damu ba. Fentin kuwa babu yadda za a yi, an gwada haɗa ruwan ganye sau da yawa bai fito irin wancan ba, Baba ya ce a bar shi kada a ƙara ɓata lokaci. Duk wannan lokacin bai taɓa tayar mini da zancen ba. In na je gaisuwa ya amsa kamar da, ya ce in hau kujera.

Ranar da motar ta dawo gurbinta, Juma'a ce bayan la'asar. Amma a watannin nan ƙafafun Inna sun riga sun daina ɗaukarta. Zaman gado ya cinye su. Saukowa ba ta yiwuwa, likita kuma ya hana a ɗauko ta a matakalar nan. Baba ya tsaya yana duban motar yana duban barandar. In ya zauna a mota ba ya kusa da ita, in ya hau sama babu mai tayarwa. Sai ya miƙo mini mukullin, ya ce in ba shi lokaci ya hau, sannan in tayar, kada in kashe sai an leƙo.

Na murɗa. Ta yi tari, ta ɓarke da rurin nan, gilasan layin suka yi rawa, mai gadi ya fito, da ya ga ni ne ya koma. Na zauna ina taka totur a hankali, ina kallon sama, wannan karon ban kawar da kai ba. Can matata ta leƙo ta yi mini alama da hannu in kashe.

Ita ta ba ni labarin abin da ya faru a ɗakin. Ta ce da sautin ya shigo, Inna ta ɗago kai, fuskarta ta washe kamar an kunna fitila. Ta ce, "Ya zo." Ta shiga laluben lafayarta tana gyara ɗankwali. Ta yi ƙoƙarin sauko da ƙafa, ta kasa. Sai ta juya wajen Baba, wanda yake zaune a bakin gadon yana riƙe da hannunta, ta ce masa cikin ladabi, "Bawan Allah, don Allah sauka ka gaya wa maigidana ya jira ni, ina zuwa."

Baba ya ce, "To, zan gaya masa."

Ta ci abinci ranar. Ta ci gaba da ci duk Juma'ar da ta ji kukan, kuma ban sake fashin ko ɗaya ba har Allah ya karɓi ranta. Ina ƙasa ina takawa, shi yana sama yana karɓar saƙo zuwa ga kansa. Sautin kam na samu na dawo mata da shi. Amma a cikin motar take haɗa sautin da fuskarsa, kuma watannin da na cinye su ne na ƙarshe da za ta iya saukowa. Ba ta sake gane shi ba.

Bayan rasuwarta ya bar mini motar, ya ce ni na fi kowa sanin cikinta yanzu. Tana nan baƙa, da kujera ɗaya tsohuwa ɗaya sabuwa, masu sha'awar irinta in sun gani sai su girgiza kai su ce wane mugu ne ya yi mata haka. Nakan ce ni ne. Samari kuma sukan tambaye ni, tunda sun ga na san kan abin, wai wanne ya fi, a sabunta tsohuwar mota ko a mayar da ita yadda take. Nakan ce ban san wanda ya fi ba, amma kafin ka sa mata sifana ka nemi mai ita ka tambaye shi me ya sa ya bar ta haka, ka kuma tsaya ka ji amsar.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi, sai dai ba ni na biya ba. In ka ga dattijo ya rungume tsohon abu ya ƙi saki, kada ka yi saurin cewa rashi ne ko taurin kai, ba ka san abin da ke rataye a jikinsa ba. Alherin da ba a yi shawara da mai shi ba, sau da yawa kanka kake yi wa. Kunya kuwa ado ce, ban musa ba, har yau ban haɗa ido da surukina ba. Amma da na ɗaga kai ranar da ya miƙo mini mukullin nan na ce, "Baba, don me?", da ya gaya mini.